Rabin Maganar Malam Hamidu

Tasawa, 4 ga Maris 1974

Zuwa ga Malam Hamidu, ɗan kawuna, a Gure.

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka. Mu nan lafiya lau, sai aikin gidan likita da ya yi mana yawa, kullum baranda cike take da yara masu kumburin ƙafa. Gaisuwar ke nan. Na yi ta ne don haka iyaye suka koya mana, raina bai so ba.

Adamu mai kamiyo, babbar motar kayan nan, ya sauka nan ranar kasuwa, ya ba ni labarin zaman da aka yi a ƙofar Bulama mai gari a kan ƙanena Fannami da shanun Alhaji Ibram. Na san zancen shanun nan. Bara da ciyawa ta ƙare Alhaji ya danƙa masa su ya yi kudu da su wajen Gashuwa, ya dawo da abin da ba ya kiruwa garke. To wane ne bai yi asara ba a wannan fari? Amma Adamu ya ce da aka taru, Alhaji bai ko buɗe baki ba, kai ne ka miƙe ka kashe Fannami da baki.

Ya ce ka gyara rawani ka ce al'adarmu ita ce in dabbar amana ta mutu a hannun makiyayi, ya feɗe ta ya kawo wa mai ita fatar, ko da gefen da ke ɗauke da lambarsa ne, Fannami kuwa bai kawo ko kunne ba. Ka ce an miƙa masa Alƙur'ani ya rantse bai ci komai daga dukiyar Alhaji ba, ya ƙi dafawa. Ka ce wanda ya dawo ba fata ba rantsuwa, duk mai hankali zai ce sayarwa ya yi. Wai har Alhaji sai da ya gyaɗa kai, don shi kansa bai iya jera ta haka ba.

Ban yarda da bakin Adamu ba, kowa ya san shi da ƙarin gishiri. Sai da Asma'u mai saida kanwa ta zo, ita ma ta faɗa mini daidai wa daida.

Hamidu, uwarmu ce ta goye ka lokacin da taka ta kwanta ciwo. Kai da Fannami ƙwarya ɗaya kuka sha fura. Yau a Gure ba mai ba shi ko akuya kiwo, kiwon kuwa shi kaɗai ya iya. Sunan mutum ka ɓata, ba riga ba ce da za a wanke. Da me Alhaji ya saye ka? Ka gaya mini, in san farashin karatun da kawu ya bar maka.

Ni ce Zulai.

*

Gure, tsakiyar Safar 1394

Da sunan Allah. Zuwa ga ƙanwata Zulai.

Aminci ya tabbata a gare ki. Muna nan cikin rufin asiri, sai idona na hagu da ke ruwa, sai kuma rijiyar unguwa da ta ja baya. Fannami da iyalinsa suna numfashi.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na yi alwala, na sake karantawa, ran nawa bai huce ba. Ke da kika yi lakwal, karatun boko, har kina allura, ashe ba a koya muku tambayar inda magana ta dosa kafin a zagi mai ita ba?

A zauren Baba kin zauna, kin ji yadda ake jayayya. Ba a fara da abin da mutum ya yarda da shi. Sai ka ɗauko maganar abokin gaba ka ce, "in an ce kaza da kaza," ka tsayar da ita da ƙarfi fiye da yadda shi zai iya, don in ta faɗi kada wani ya ce rago ka kayar. Sannan ka ce, "sai mu ce," ka kawo amsa. Mai daka in ta ɗaga taɓarya sama, ai ba saman take nufi ba.

Abu uku kika lissafo, duka na faɗe su, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Rashin fata da ƙin rantsuwa gaskiya ne, kowa ya gani, in na musa su na zama maƙaryaci. Na ukun, wai sayarwa ya yi, shi ne abin da Alhaji yake son a haifa daga biyun nan, shi na ɗauko don in karya. Da "in an ce" na buɗe baki. Adamu ya yar da ita a hanya, ya kawo miki gangar jiki ba kai.

Abin da ya faru kuwa, na ja numfashi ke nan zan ce "sai mu ce," sai aka ji kakakin wani kamiyo daga bakin kasuwa, jar dawar taimako ta iso. Kafin in rufe baki fili ya yashe. Adamun naki ne a kan gaba, har ya bar takalmi ɗaya. Bulama ya tattare riga ya bi su. Aka bar ni tsaye da rabin magana, daga ni sai Fannami sai jakin Bulama. Ban ga laifinsu ba, ciki ne ya kira su. Amma abin da suka ji shi suka kai gida.

Ga matsayata, ki rubuta ta a bangon likitarku in kina so: Fannami bai sayar da ko maraƙi ba. Ki dai tuna, yunwar bana ba ta bar wa kowa mutuncinsa cikakke ba. Amsar da zan bayar tana nan, amma ba ta takarda ba ce. Bulama kuma yanzu rabon dawa ya sha masa kai.

Zancen an saye ni, na bar ki da Allah.

Hamidu.

*

Tasawa, 21 ga Maris 1974

Malam, barka da ido, Allah ya sauwaƙe. Na aiko maka da maganin ɗigawa ta hannun Adamu, safe da yamma, kada ka haɗa da tozali.

Na ji, na kuma yarda, "in an ce" ka ce. Na tambayi Asma'u ta ce kamar ta ji haka. To ina "sai mu ce"? Taron ya watse, bakinka ma ya bi kamiyo ne? Sau biyar kuke haɗuwa a masallaci kullum. Ga kasuwa, ga suna, ga jana'iza, bana ma ita ta fi yawa. Duk ba ka sami wurin ƙarasa magana ba? Taɓaryar da aka ɗaga aka bar ta a sama, a kan wa za ta faɗo in ba mai zaune kusa da turmi ba? Ƙanena ne zaune a wurin.

Tunda yau darasin rarrabe magana kake ba ni, bari ni ma in gwada. Ka ce Fannami bai sayar ba, wannan ce matsayarka, madalla. Na duba in ga abin da ka tokare ta da shi, ban ga komai ba. Abin da na gani a gindinta shi ne, wai yunwa ba ta bar wa kowa mutuncinsa ba. Wannan layin me yake yi a nan? In mutum bai yi laifi ba, me ya kawo yunwa cikin zancen? Mu a likita in muka ce wa uwa "kowa na iya kuskure," to mun riga mun san ta yi kuskuren ne, muna shafa mata baya kawai. Layin nan roƙon sassauci ne, ba a kuwa roƙa wa mai gaskiya sassauci. Ke nan a bakinka bai sayar ba, a zuciyarka ya sayar. Shi ya sa maganar Alhaji ta fito maka santsi, taka kuma ta maƙale.

Na aika wa Fannami sau biyu, amsarsa ɗaya, wai lafiya lau. Shi dama tun yana yaro in an dake shi sai ya tafi bayan garke ya zauna.

Ni ba zan zauna ba. Na rubuta wa Bulama a matsayina na babbar yayar Fannami, na ce ba a gama shari'a ba, Malam Hamidu ya ce yana da amsa a baki, a sake tara mutane ya faɗe ta. In kana da ita, ga fili. In ba ka da ita, Gure ta sani.

Zulai.

*

Gure, farkon Rabi'ul Awwal

Zulai, muna lafiya, maganin ya iso, na gode. Iyakar alherin da zan iya faɗa miki yau ke nan.

Kin san abin da kika yi? Bulama ya sa an karanta takardarki a bainar jama'a, ya yanke za a sake zama washegarin Mauludi. Kin ɗaure ni hannu da ƙafa, kina can Tasawa kina jin kin yi zumunci.

To buɗe kunnenki. Fannami ya hana ni gaya wa gari, ke ba gari ba ce, kuma ke kika tona.

Da ya tafi kudu, da matarsa Lantana ya tafi da ɗiyansa biyu, Indo da Ma'u. Shanu suka yi ta faɗuwa, wuƙa ba ta cim musu, da yawa kafin ya iso sun riga sun zama mushe. Duk da haka ba wadda bai feɗe ba. Ya shanya fatun, ya ɗaure su a kan jaki, don ya kawo wa Alhaji shaida kamar yadda al'ada ta ce. A hanyar dawowa guzuri ya ƙare. Garuruwan da ya sani duk an tashi. Suka ci anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci, har ta ƙare, suka tona gidan tururuwa neman hatsi. Ranar da Ma'u ta kasa miƙewa, Lantana ta kwance ɗaurin nan, ta babbake fata ɗaya ta dafa. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya. Fannami yana yanke gefen da ke da lamba yana ɓoyewa a jaka, har ranar da su ma aka zuba su a tukunya.

Ga inda fatun suka tafi, Zulai. Ga dalilin da ya ƙi dafa Alƙur'ani, an ce ya rantse bai ci komai daga dukiyar Alhaji ba, shi kuwa ya san ya ci. Layin yunwar da kika mayar roƙon sassauci, shi ne gindin amsar gaba ɗaya. Kin rarrabe magana da kyau, sai dai kin ajiye ta a gurbin da ba nata ba.

Ya gaya mini wannan tun kafin zaman farko. Na ce masa shari'a ta halatta mushe ga wanda larura ta kama, babu zunubi ko ƙwayar gero, zan faɗa a gaban kowa in wanke shi. Bai musa ba, na ɗauka ya yarda. Da fili ya watse ranar nan sai ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Malam, Allah ne ya kawo motar nan. Kar ka ƙarasa."

Na ce, "Kai, ɓarawo fa za a ce da kai."

Ya ce, "A ce. Sata ni kaɗai na yi ta, in na mutu ta bi ni rami. Mushe kuwa mu duka muka ci. Ka san garin nan. Indo za ta je rijiya a toshe hanci, Ma'u za ta tsufa ana ce mata ɗiyar gidan mushe, jikokinta ma a gaya musu. Littafinka ya halatta, bakin mutane bai halatta ba."

Na kawo masa aya, na kawo masa hadisi, har na yi masa tsawa. Ya ce in na faɗa, shi da ni har gaban Allah.

Yanzu za a tsayar da ni a ce in ƙarasa. Ke mai hankalin Tasawa, gaya mini me zan ce.

Hamidu.

*

Tasawa, 1 ga Afrilu

Malam, ka faɗa! Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Adamu ya tayar da mota.

Na karanta a bayan ɗakin magani, na yi kuka har mai gadi ya leƙo. Amma kukan bai canja mini ra'ayi ba. Wace kunya? Ni na san abin da mutane suka ci bana, ni nake wanke cikin ƴaƴansu. Rabin masu zaman ƙofar Bulama in aka matsa su za su amayo abin da ya fi fata muni. Mutum ya ɗauko amana a kan jaki tun daga Gashuwa, ya ceci ɗiyansa da ita, sannan a ce masa ɓarawo? Fannami wawa ne, kai kuma da ka biye masa ka fi shi. Ka faɗa, na ɗauki nauyin, ni ce babba.

Zulai.

*

Gure, bayan Mauludi

Zulai, ina gaishe ki. Idon ya yi sauƙi.

Wasiƙarki ta iso an riga an tashi, kamiyon Adamu ya nutse a rairayi wajen Gidigir. Kada ki zage shi. Ko da ta iso da wuri ba abin da za ta sake. Kin ce kin ɗauki nauyi, amma ba ke za ki je rijiyar Gure da tulu ba.

An taru fiye da na farko, don takardarki ta yi mana shela. Har mata suka tsaya daga bayan danga, na hangi Lantana, Indo na riƙe da gefen zanenta. Alhaji Ibram ya yi magana a taƙaice, kuma ban ga zalunci a fuskarsa ba. Ya ce, "Ni ban zo cin mutuncin kowa ba. A nuna mini fata ɗaya, ko a gaya mini inda suka shiga, in yafe."

Bulama ya juyo ya ce, "Malam, rannan mun gudu mun bar ka, ka gafarce mu. Ka tsaya a kan in an ce. To, sai mu ce me?"

Amsar tana bakina, Zulai, a jere, da ayarta da komai. Ban taɓa riƙe hujja mai ƙarfinta ba tun da na fara karatu. Na dubi Fannami. Bai sunkuyar da kai ba, ni yake kallo.

Na ce, "Ba ni da abin cewa."

Bulama ya ɗauka bai ji da kyau ba, ya sake tambaya. Na sake faɗa. Wani daga baya ya ce, "Ashe dama babu." Sai Bulama ya maimaita maganata ta farko, ba fata, ba rantsuwa, mai hankali zai ce sayarwa ya yi. Bai sake ko harafi ba. Maganar da na ɗauko don in karya, ita aka yanke hukunci da ita, da sunana a kanta. Aka ce Fannami ya ci amana, kada kowa ya ƙara ba shi kiwo a ƙasar nan.

Mutane sun kasu biyu a kaina, masu cewa na fi son gaskiya a kan ɗan'uwana, da masu cewa na yanka shi sau biyu. Yabon ya fi zagin ƙona mini rai. Gidaje da dama na danginmu sun janye ƴaƴansu daga makarantata.

Fannami zai tafi bakin tafkin Chadi, wai zai koyi su, kamun kifi, mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa gani ba. Lantana da yaran za su zauna gidan iyayenta a nan. Ya zo sallama, ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Na gode, Malam." Wallahi da zagina ya yi da na fi samun barci. Ina fushi da shi, ina fushi da ke, garin nan kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Hamidu.

*

Tasawa, 6 ga Mayu 1974

Yaya Malam,

Ina gaishe ka gaisuwa ta gaske. Ina fata ido ya warke sarai. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Na daɗe ban amsa ba don duk takardar da na fara sai ta koma zagi, kuma na rasa wanda zan aika wa. Har yau ban yarda Fannami ya yi daidai ba. Amma da ba don takardata ba, da zancen ya tsaya a rabi, kowa ya ci gaba da shakka. Ni na tara masa gari.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Tun watan Maris ba ɗan Gure da ke Tasawa da ban gaya wa ka sayar da ɗan'uwanka ba. Jiya Asma'u ta zo ta ce, "Kin ga abin da Malaminku ya ƙarasa?" Na buɗe baki zan ce ƙarya ne, mutumin kirki ne, sai na ga tambayar da za ta biyo baya. In Malam bai ci amana ba, me ya hana shi magana? Asma'u kuwa ba ta barin tambaya a ƙasa, kuma kowane wata tana Gure. Na ce mata, "Na gani." Ta yi ta zaginka, ina zuba mata ruwa.

Zan sami hutu da damina, zan zo in ga Lantana da yaran. Hanyar gidansu ta ƙofar makarantarka ta bi, ba wata. Za ka gan ni, mutane kuma za su zuba ido su ga abin da yayar Fannami za ta yi. Zan wuce ban gaishe ka ba. In wani ya ambaci sunanka zan tsuke baki. Kada ka ɗago kai, kada ka aiko a kira ni, don in muka haɗa ido ba zan iya ba, Indo da Ma'u ne kuma za su biya.

Ka yafe mini tun yanzu, don ranar ba zan sami bakin roƙo ba.

Ƙanwarka,
Zulai.